Ba Rashi Ne Ke Sa A Yi Kayan Sallah A Gida Ba

Da zarar azumi ya kai ashirin, ko watan Zulhajji ya tsaya, akwai wata magana da ke yawo a gidajenmu, musamman na birni. Masu ita cewa suke yi, duk gidan da aka ga mata sun duƙufa suna kirɓa nakiya, suna murza alkaki, ko an fito da faifai da tabarmar kaba ana gyara ɗaki da su, to aljihun maigidan ne ya yi sanyi. Wanda Allah ya hore wa, in ji su, oda yake bayarwa a kawo masa cincin da kek cikin roba mai tambari, ya aika a sayo sabbin labule da furannin roba, ranar idi kuma mai girkin haya ta iso da kulolinta. Aikin hannu na wanda bai samu ba ne, ko na wanda ƙauye bai sake shi ba ko da a birni aka yanke masa cibi.

Masu wannan ra'ayi mutanen kirki ne, kuma ba ƙin al'ada ne ya kai su ga faɗin haka ba. Akasarinsu so suke su fita kunyar baƙi da surukai. Suna da hujjojinsu, adalci kuwa shi ne a kawo su yadda suke. Sun ce zamani ya canja: matar da a da take wuni a gida yanzu malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar asibiti, ko tana da shagonta, ga azumi a baki, ga ibadar goman ƙarshe, ina ta ga sukunin jiƙa shinkafa da kai niƙa? Sun ce abin da gwanaye suka yi ya fi kyan gani. Sun ce girmama baƙo shi ne ka kashe kuɗi dominsa ya gani a ƙasa. Sun kuma ce da tsadar gas da mai da sukari, na gidan ma ba lallai ya fi araha ba, to wahalar ta mece ce? Akwai gaskiya a cikin wasu daga waɗannan, zan kuma nuna inda take. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da aka ɗora a kansu, wato cewa aikin gida shaidar rashi ne.

Dubulan ɗin da aka kawo cikin roba mai tambari, daga ina ya fito? Ai ba daga masana'anta ba. Wata baiwar Allah ce a Gwammaja ko Tudun Wada ta kwaɓa shi a kicin ɗinta, ta murza da hannunta, ta soya a kaskonta, ta ɗauki hotonsa ta sa a WhatsApp. Fulawar ɗaya ce, man ɗaya ne, hannun mace ne a nan da can. To yaya aka yi abu guda ya zama wayewa idan ɗan aike ya kawo shi a bayan babur, ya zama talauci idan a tsakar gidanka aka soya shi? Wannan ciniki ma ba yau ya fara ba. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin tattalin arzikin karkara, ta yi rubutu a 1969 a kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gidajensu ba tare da sun taka kasuwa ba, yara na kai musu talla suna dawo da kuɗi. Hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura da dafaffen abinci duk ta wannan hanya suke zagaya gari. Abin da aka ƙara yanzu shi ne waya ta karɓi aikin 'yar talla. Saboda haka mai saye da mai yi da kanta duk a kan aikin gida suka dogara, wanda ya raina shi kuwa abin da ya sa kuɗinsa ya saya yake rainawa.

Tarihi ma bai goyi bayan wannan hukunci ba. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a manyan masana'antu irin na Turai ake wannan aiki ba, a cikin gidaje ake yin sa, iyali na ci daga gare shi ba tare da sun bar muhallinsu ba. Mata na kaɗi da mazari a tsakar gida, masaƙa na saƙa, marina na rinawa, sai a kai kasuwar Kurmi. Garin da ake buga misali da arzikinsa a duk ƙasar Hausa, da irin wannan hannu aka gina shi.

In an ce wannan labarin da ne, a dubi ranar Sallar kanta. Babu abin da ya kai hawan sarki ƙasaita a wannan rana, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ta amince da darajarsu. Me ake kallo a hawan Daushe in ban da aikin hannu? Sirdi da linzami da lifidi da adon doki, daga hannun dukawa da maƙera da maɗinka suka fito. Babbar riga mai aska takwas, wadda aka zauna da allura aka yi mata aiki, ta fi ta keke daraja da tsada, kowa ya sani. Hular zanna da mata ke ɗinkawa a cikin gida, ɗinki ɗaya bayan ɗaya har tsawon makonni, ita Alhaji ke nema ya sa ranar idi, ba ya kuma ƙorafin kuɗinta, ta inji kuwa ko kyauta ba ya so. Ashe dai mun san darajar aikin hannu sarai. Sai an zo kan faifan da uwargida ta saƙa da zanin gadon da 'yarta ta yi wa ado da zare ne muke mantawa.

Sai batun girmama baƙo, wanda a kansa aka fi samun ruɗani. Gaskiya ne Bahaushe yana son baƙonsa ya ga an yi masa hidima. Amma hidima ba da kuɗi kaɗai ake auna ta ba, har da lokacin da aka ba ta. Wainar Sallah tun jajibiri ake fara ta: a jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, a haɗa ƙullu da yis a rufe ya kwana ya tashi, da asuba a kashe tsaminsa da ruwan kanwa, a ɗora tanda. Miyar taushe tana son kabewa da alayyafo da gyaɗa da ɗan yakuwa, da nama ko ƙashi mai ɓargo da aka bari ya nuna a hankali. Funkaso sai an bar alkama ta tashi. Alkaki ya fi su duka rigima, don ɓarzajjiyar alkamarsa sai ya kwana da tsami kafin a murza a naɗe a soya, sannan a tsoma shi cikin zuma ko dafaffen sukari. Surukar da aka kai wa wannan, ita ma mace ce da ta san murhu, da ɗanɗano ɗaya za ta gane kwana nawa aka yi ana shirya mata. Ban san wani kek da zai gaya mata haka ba. Kuma gidajen sarauta da na manyan attajirai, waɗanda ba a zarginsu da rashi, su ne aka fi sani da girka manyan tukwanen tuwon Sallah a cikin gida, tun dare ana tuƙi, gari na wayewa ana kwasa ana rabo.

Rabon nan shi ne abin da ra'ayin sayen komai yake cinyewa ba tare da an lura ba. Tukunya guda ta tuwon shinkafa tana isar gidaje da dama, in an ga mutane sun ƙaru sai a ƙara malmala, a tsinka miya kaɗan. Yara su ɗauki langa da samira su shiga maƙwabta, su kai wa gwaggo da inna da liman, kwano kuma ba ya dawowa wayam, ko da tuwon can gidan ne ko goron Sallah. A garuruwa irin su Kaduna da Jos har maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da kwanonsa, shi ma ya rama ranar Kirsimeti. Abincin oda kuwa da lissafin kai ake sayensa, kowane ƙunshi da kuɗinsa. Da kuɗi sun fara yawa sai a ɗauki biro a fara rage sunaye, kuma mun san waɗanda ake fara sokewa: tsohuwar ƙarshen layi, da almajirin gida, da mai gadi. Ba mugunta ce ke sa a yi haka ba, lissafi ne kawai. Amma Sallar da aka rage wa waɗannan ta ragu, komai kyan robar da aka zuba sauran.

Addini kuma, wanda shi ne asalin ranar, bai ɗora wa kowa sayayya ba. Abin da malamai suka karantar game da idi shi ne wanka da turare da sa mafi kyawun tufafin da mutum yake da su, ba su sharɗanta sai sababbi ba. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce daga abincin da mutanen gari suka fi ci, gero ko dawa ko masara ko shinkafa, a ba mabuƙaci kafin a tafi masallaci don shi ma hayaƙi ya tashi a gidansa. A babbar Sallah an fi son mai layya ya yanka da hannunsa in zai iya, don Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa mai albarka ya yanka ragunansa biyu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa da hannunta take tufka igiyoyin da ake rataya wa dabbobin hadayarsa. Wannan shi ne gidan da ya fi kowane gida daraja, kuma uwar muminai ce zaune tana tufka. Wanda ya san haka zai yi nauyin baki kafin ya kira aikin hannu ƙasƙanci.

Naman layya kuwa shi ne inda fasahar gida ta fi fitowa fili, don kusan babu abin da za a saya ya maye gurbinta. Rago guda nama ne mai yawa, ga zafi, ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Iyayenmu sun warware wannan tun kafin a ƙera firji. A rataye nama ya sha iska ya tsane, a soya shi cikin kitsensa har ruwansa ya ƙone, a adana. A dafa wani da albasa da citta da kayan ƙamshi har ya yi laushi, a daka a turmi, a soya ya zama dambu, wanda zai yi makonni bai canja ba. Kai da ƙafa a babbake a kankare a yi farfesu, kayan ciki a fara da su tun ranar yanka. A Yamai da Maraɗi da Damagaram, raguna ake buɗewa a ɗaure jikin itace a jera su kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su wuni suna gasuwa a hankali, maza na juya su, kashegari a yi rabo. Akwai gidajen da har yau suke ajiye wani abu daga naman layya, musamman jelar rago, sai daren cika-ciki a watan Muharram, wata guda cur ke nan. Mai babban firji ma, ranar da taransifomar unguwa ta ƙone, wajen mai turmi da kasko zai koma neman dabara.

Kan adon gida ba zan tsawaita ba. Ba cewa nake yi mai tayil ya fasa ya koma daɓe ba, ko da yake daɓen da mata ke yi da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya fi ƙarfin a yi masa dariya. Abin da gyaran Sallah ya ƙunsa tun asali shi ne tsabta da tsari da ƙamshi: a share lungu da saƙo, a shafe bango da farar ƙasa ko fenti, a zuba sabon yashi a tsakar gida, a wanke kwanukan jere su yi ƙyalli, a sa turaren wuta. Turaren nan da matan Barno suka yi suna a kansa, haɗin gida ne, kuma manyan mata na biyan kuɗi mai kauri kafin su same shi. Faifai mai launi da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya da tumtum na fata, manyan otal-otal na sayensu su ƙawata zaurukansu don baƙi daga ƙasashen waje su gani. Lalle ma haka: ganyen da aka daka aka kwaɓa a gida ba kasafai yake zama abin tsoro ba, baƙin da ake sayowa a kwalba ne likitocin fata ke gargaɗi a kansa, saboda sinadarin PPD da ake sa wa wasunsa yana iya tayar da ƙuraje da kumburi.

Yanzu ga hujjar da ta fi duka ƙarfi, wato wahalar mata. A nan ina tare da masu ra'ayin har rabin hanya. Akwai matan da Sallah ke zame musu ranar da suka fi kowace rana gajiya, ba su je idi ba, ba su ga kowa ba, ƙafa ta kumbura a gindin murhu, maigida kuma yana zaure yana karɓar barka da Sallah. Wannan ba daidai ba ne, kuma duk mai kare aikin gida da bai ga haka ba, kare son ransa yake yi. Sai dai a tambaya, me ya canja? A da aikin Sallah gayya ne. Babban gida ne, ga kishiyoyi, ga facaloli, ga 'yan mata, ga maƙwabta ana shiga ta ƙofar baya. Wannan na tankaɗe, waccan na murza, wata na gaban kasko, hira na tafiya, kafin a ankara an cika kwalla. Yanzu mace ɗaya ce a falat da ƙananan yara, aka bar mata aikin mata goma, aka kuma ƙara mata da nau'o'in abincin da kakarta ba ta taɓa haɗawa rana ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Laifin na kaɗaici ne da yawan buri, ba na turmi ba.

Maganinsa kuwa a bayyane yake, kuma gidaje da yawa sun riga sun gano shi. 'Yan'uwa mata su haɗu gida ɗaya su yi cincin ɗin gidaje uku a wuni guda. Nakiya, wadda ake soya shinkafarta a niƙa a kirɓa da zuma ko sukari da man shanu da citta da kanumfari da masoro, tana wata da watanni ba ta lalace ba, don haka babu dalilin barin ta sai goman ƙarshe. A rage yawan kala, tuwo ɗaya mai kyau ya fi abinci biyar da aka yi cikin haushi. Maza da samari su karɓi rabonsu, kai niƙa da faskare da fiɗa da babbaka da sharar gida da ɗaura labule, tun da an ruwaito cewa Manzon Allah yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, yana gyara takalminsa da tufarsa da kansa. Abin da ya gagara kuma a saya, babu kunya a ciki. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a bakin aiki ta ba da odar waina, ta kyauta, ta kuma taimaki mai sana'a. Ban zo hana saye ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ce wadda ta saya ta fi wadda ta yi.

Batun tsada kuwa, na karɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, daga gas har fulawa da man gyaɗa, kuma mai yin abu da yawa don sayarwa wani lokaci takan fi mai yin kaɗan samun sauƙi. Amma a lura, wannan hujja da kanta take rushe hukuncin da aka kawo ta ta tallafa. In har na gida bai fi araha ba, ta yaya yin sa zai zama alamar rashi? Nakiyar da aka yi da zuma tsantsa da man shanu ba abin marar hali ba ce. Wadda ta zaɓi ta yi da kanta, sau da yawa don ta san man da ta zuba ne, da ruwan da ta dafa zoɓonta da shi, da kwalbar da ta ɗura kunun ayarta a ciki, ko don haka ta ga ana yi a gidansu kuma tana son 'ya'yanta su ji wannan ƙamshin da safiyar Sallah.

Da a ce maganar a baki take tsayawa da ban ɗauki alƙalami ba. Tana da ɓarna iri biyu da nake gani. Ta farko bashi. Magidanci mai ƙaramin albashi, don gudun kada a ce ya gaza, sai ya ci bashin labule da kujeru da abincin oda, alhali matarsa gwana ce da za ta iya fitar da shi kunya da mudu biyar na shinkafa. Hausawa sun daɗe da cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, amma yawancin waɗanda take bari da shi yanzu masu hankali ne da surutun mutane ya fi ƙarfinsu.

Ta biyu ta fi wuyar gyara. Sanin cewa ƙullu ya tashi, da yawan kanwar da za ta kashe tsami ba ta ɓata launi ba, da lokacin da sukarin alkaki ya yi danƙon da ake so, ba a rubuce suke ba, bidiyon waya ma rabi yake nunawa. A tsaye kusa da mai yi ake ɗaukarsu, a ɓata sau ɗaya a sha faɗa, a gyara a shekara mai zuwa. Haka yaran da ke haɗa kayan tashe daga goma ga azumi, gemun auduga da rawanin tsumma da gangar gwangwani, ko masu ƙera motar kara, suke koyon cewa hannunsu na iya fitar da abin da za a tsaya a kalla. Gwanayen da ake rububin ba su oda a yau, kusan dukkansu a gindin murhun uwa ko kaka ko gwaggo suka koya, a irin waɗannan ranaku na jajibiri. Yarinyar da ta ji uwarta tana ajiye wa baƙi faranti tana cewa “ku yi haƙuri, na gida ne” ba za ta tsaya ta koya ba, kuma babu wanda zai ga laifinta.